A fito da yara su auna inda Maradi take da sanda da inuwar rana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wani darasi da ake koyarwa a makarantunmu tun daga firamare har lise. Yara suna haddace shi don jarrabawa, washegari ya fita daga kansu, alhali kuwa rijiya da gona da alƙibla da farantin sola duk suna rataye da shi. Muna nufin layukan nan da suka kewaye ƙwallon taswirar duniya a kwance, waɗanda littafin makaranta yake kira latitud, malaman hisabi kuma suke cewa ardul baladi, wato faɗin gari.

Ka tambayi ɗan koleji a Maradi mene ne latitud, zai ce maka layi ne da ido ba ya gani. Ka ce to garin nan a kan wane layi yake, kuma ta yaya aka sani, sai ya sunkuyar da kai. Ba mu ga laifinsa ba, domin ba a taɓa fitar da shi rana an ba shi sanda da mita an ce ya auna da hannunsa ba. Aikin kuwa bai wuce na hantsi ɗaya ba, kuma kayansa duk akwai su a kowace unguwa.

Bari mu fara da abin da ake aunawa. Duniya dunƙulalliya ce, tana juyawa kamar mazarin kaɗi, zagaye ɗaya a yini da kwana. Bakunan mazarin biyu su ne kan duniya na arewa da kanta na kudu. In aka raba ta biyu daidai tsakanin kawunan nan, yadda ake raba duma a sami ƙwarya biyu, wurin yankan shi ne layin tsakiyar duniya, ekwata, kuma daga nan ake fara ƙirge da sifili. Tsawon zagayensa kilomita 40,075 ne. Yanzu a ce mutum yana cibiyar duniya daga ciki, ya miƙa hannu ɗaya zuwa ekwata, ɗaya zuwa Maradi. Buɗin da ke tsakanin hannayen nan biyu shi ne latitud na Maradi: digiri 13 da rabi, arewa. Ke nan latitud kusurwa ce, shi ya sa ake faɗinsa da digiri. Daga ekwata zuwa kan arewa digiri 90 ne, zuwa kan kudu ma 90. Duk garuruwan da buɗinsu ya zo ɗaya suna kan zobe ɗaya, kuma zobunan suna ƙanƙancewa in ana hawa arewa kamar ɗaurin saƙar malfa, har su ƙare a tsini. Ba sa haɗuwa da juna ko'ina, tazararsu ɗaya daga gabas har yamma. Layukan tsaye, lonjitud, su ne suke matsewa su haɗu a kawunan duniya.

Amfanin wannan tazara shi ne tana juyawa zuwa kilomita ba wahala. Daga ekwata zuwa kan arewa kilomita 10,000 ne da 'yan ɗoriya kaɗan, kuma ba dace aka yi ba: Faransawa a shekarun 1790 da wannan tsawon suka yanke awon mita, suka ce kashi ɗaya ne cikin miliyan goma nasa. A raba 10,000 gida 90, digiri ɗaya ya tashi kilomita 111. Saboda duniya ta ɗan baje a kawunanta, digirin yana da kilomita 110.6 kusa da ekwata, 111.7 can ƙurya, amma ga aikinmu na nan 111 ya wadatar. Digiri yana da minti 60, kowane minti kusan mita 1,850. Minti yana da sakan 60, kowane sakan kusan mita 31. Waɗannan minti da sakan na kusurwa ne, ba ruwansu da agogo, kuma rashin faɗa wa yara haka tun farko yana rikita su shekara da shekaru.

In aka ɗora garuruwanmu a kan wannan tsani sai ƙasar ta fito sarai. Gaya tana dab da digiri 12, Kano ma a kan 12 take. Katsina tana dab da 13. Maradi 13 da minti 30, Tasawa 13 da minti 45, Damagaram 13 da minti 48, Dakoro 14 da rabi, Tawa dab da 15, Agadas dab da 17, Bilma ta haura 18 da rabi, ƙuryar Nijar ta arewa kuma tana wajen 23 da rabi. Daga nan yaro zai iya lissafa da ka cewa Dakoro ta fi Maradi arewa da digiri guda, wato kilomita 111, Katsina kuma ta fi ta kudu da rabin digiri, wajen kilomita 56. Hanyar mota zuwa Katsina ta fi haka tsawo domin tana karkata gabas, latitud kuwa kudu da arewa kawai yake aunawa.

A nan ne iyakarsa take, kuma ya kamata a faɗe ta. Yamai da Maradi kusan a kan zobe ɗaya suke, bambancinsu bai wuce minti ɗaya ko biyu ba, amma akwai digiri 5 na lonjitud tsakaninsu, wajen kilomita 540 a miƙe, rana kuma tana yin tsaka a Maradi minti 20 kafin ta yi a Yamai. In ka bi zoben nan yamma za ka ratsa kusa da Segu a Mali ka fita teku ta Banjul. In ka bi shi gabas za ka wuce kusa da Alfashir a Sudan, da Ta'iz a Yaman, har Bankok ta ƙasar Tailan. Duk garuruwan nan tsayin ranarsu a sama ɗaya ne da namu a kowane wata, tsawon yininsu ma haka. Ruwan samansu ne kowa da nasa: mu muna samun wajen milimita 500 a shekara, Bankok tana ninka haka fiye da sau biyu. Malamin da ya ce wa yara latitud ne kaɗai ke yanke wa ƙasa damina ya bar teku da duwatsu da iska a baya.

To ga awon. Ranar da ta fi sauƙi ita ce wadda rana take tsaye daidai a kan ekwata, 20 ko 21 ga Maris, da 22 ko 23 ga Satumba. A waɗannan ranaku, karkatar inuwar tsakar rana ita ce latitud ɗinka kai tsaye, ba ƙari ba ragi. Ta Maris ta fi dacewa da makarantu, domin yara suna aji kuma babu hadari.

A nemi fili mai daɓe ko siminti inda rana take bugawa daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 2. A gwada shi da ma'aunin ruwa na magina, in babu a zuba ruwa a faranti a ga ko ya kwanta daidai. A sami sandar ƙarfe ko katako miƙaƙƙe, a kafa shi yadda abin da ya fito sama da ƙasa zai zama santimita 100 cif. A ɗaure dutse ko ƙusa a zare, a rataya shi a jikin sandar, a duba ta gefe biyu, gabas da arewa, har sai sandar ta bi zaren. Daga ƙarfe 12 a fara diga alama da alli a bakin inuwar kowane minti 5, a ci gaba har 1 da kwata. Alamomin za su yi layi. Wadda ta fi kusa da gindin sandar ita ce ta tsakar rana, ita za a auna, daga tsakiyar gindin sandar zuwa alamar.

A Maradi za a sami santimita 24, inuwar tana kallon arewa. A raba 24 da 100, a sami 0.24, a danna maɓallin tan-1 a kalkuleta, wanda yake mayar da lambar zuwa kusurwa, ta ba da digiri 13.5. Ajin da bai kai ga wannan lissafi ba, sai a zana a takarda: layi a tsaye mai santimita 10, layi a kwance daga gindinsa mai santimita 2.4, a haɗa bakunansu, a ɗora ma'aunin kusurwa na cikin jakar ɗan koleji a kan kusurwar sama. A ranar nan ɗaya, sanda iri ɗaya za ta ba da santimita 21 da ɗan ɗori a Kano, 30 da rabi a Agadas. Makarantu uku a garuruwan nan in suka yi waya da juna bayan azahar, sun auna lanƙwasar duniya ke nan da hannunsu.

Abubuwan da ke ɓata awon sanannu ne, kuma na farkonsu agogo ne. Mutane suna ɗauka ƙarfe 12 ita ce tsakar rana. Agogon Nijar an saita shi ne a kan lonjitud na digiri 15 gabas, Maradi kuwa tana kan 7 da minti 6. Bambancin kusan digiri 8 ne, kowane digiri minti 4 na agogo, sai ranar ta makara da kusan minti 32. A kan wannan kuma akwai gaba da baya da ranar take yi cikin shekara, har kwata na awa. Saboda haka a Maris tsakar rana a Maradi tana wajen 12:39, a Satumba wajen 12:24, a farkon Nuwamba wajen 12:15, a tsakiyar Fabrairu wajen 12:46. Wanda ya auna da ƙarfe 12 a Maris zai sami inuwa mai tsawon kusan santimita 30 ta karkata yamma, lissafinsa ya kai Maradi kusa da Agadas.

Na biyu karkatar sanda. In kan sandar ya kauce da santimita 1.7 kacal zuwa kudu ko arewa, digiri guda ke nan, kilomita 111. Ido ba ya kama wannan, zare da dutse ne ke kama shi. Na uku bakin inuwa. Rana ba ɗigo ba ce, faɗinta a sama rabin digiri ne, don haka bakin inuwar sanda mai mita ɗaya yana yin dishi-dishi na kusan santimita guda, kuma kuskuren santimita ɗaya a wurin nan ya fi rabin digiri, wajen kilomita 60. Maganinsa a ɗaura wa kan sandar ɗan gwangwani mai huda kamar ta ƙusa, a kwance, a riƙa bin ɗigon hasken da ya faɗo ƙasa a yi alama a tsakiyarsa. In an yi haka, sai a auna tsayin daga hudar zuwa ƙasa, a kuma saukar da zaren daga hudar don a san inda za a fara auna inuwar. In ƙurar hunturu ta yi jinkirin tafiya har Maris, ɗigon hasken ya fi bakin inuwa fitowa. Na huɗu kwanan wata. A wannan lokaci rana tana matsawa arewa ko kudu da kusan digiri 0.4 kowace rana, ke nan jinkirin kwana ɗaya kilomita 44 ne. In ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi, a auna kafinta da bayanta da tazara ɗaya, a ɗauki tsakiya. Aji mai kula zai faɗo cikin rabin digiri na gaskiya, kuma in ƙungiya biyar suka auna da sanda biyar aka haɗa aka raba, sakamakon ya fi na kowace ɗaya.

Sandar nan in aka bar ta a kafe shekara guda, ita kaɗai ta isa ta koyar da sauran layukan da ake haddacewa. Mazarin duniya ba a tsaye yake ba, ya karkata da digiri 23 da minti 26. Shi ya sa rana take hawa arewa har wannan adadi ranar 21 ga Yuni, ta koma kudu har wannan adadi ranar 21 ga Disamba, kuma iyakokin nan biyu su ne layukan da ake zanawa da ɗigo-ɗigo a ƙwallon duniya sama da ekwata da ƙasa da ita. A Disamba inuwar tsakar rana a Maradi tana kai santimita 75 zuwa arewa. Daga nan tana gajarta har wajen 26 ga Afrilu, ranar da rana take tsayawa tsaf a kan garin: sanda ba ta da inuwa, haske yana sauka har gindin rijiya. Sai inuwar ta tsallaka kudu, ta kai santimita 17 da rabi a Yuni, ta dawo ta sake ɓacewa wajen 17 ga Agusta. Kwana ɗaya gaba ko baya yana yiwuwa daga shekara zuwa shekara. Ɗan Faris ko Alƙahira bai taɓa ganin wannan a garinsu ba, domin suna arewa da iyakar ranar, amma littattafan da aka rubuta can su ne suke cewa rana kullum tana kudu da tsaka, yaranmu suna maimaitawa alhali wata huɗu a shekara tana arewa da su.

Malamanmu na zaure sun riga boko sanin wannan inuwa. Ita ce inuwar zawali da ake lissafin azahar da la'asar da ita, inda ake ɗaukar tsayin mutum ƙafa bakwai da ƙafarsa. A Maradi inuwar zawali tana kai ƙafa 5 da kwata a tsakiyar sanyi, ƙafa 1 da kashi biyu cikin uku a Maris da Satumba, babu ko kaɗan a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. A Alƙahira, wadda take kan digiri 30, ta Disamba ta haura ƙafa 9. Saboda haka jadawalin ƙafafu da aka tsara wa wata ƙasa ba ya aiki a tamu sai an gyara shi da faɗin garinmu. Ilimin kuma daɗaɗɗe ne a hannun Musulmi: wajen shekara ta 830 Halifa Ma'amun ya aika masana falaki filin Sinjar, a ƙasar Iraki ta yau, suka yi ta tafiya kudu da arewa suna auna tsayin sama har ya sauya da digiri guda, suka auna ƙasar da suka taka, suka sami mil 56 da kashi biyu cikin uku da milin Larabawa, wanda bai yi nisa da kilomita 111 namu ba. Kafin su da fiye da shekara dubu, wani masani Bagirke mai suna Eratostin ya yi irin wannan lissafi a Masar da inuwar Askandariya da ta Aswan.

Da dare ma ana iya yi. Tsayin tauraruwar arewa daga bakin ƙasa shi ne latitud. Ana gano ta da taurari bakwai ɗin nan masu siffar ludayi, waɗanda Larabawa suke kira Banatu Na'ash: a bi biyun da ke bakin ludayin, a ƙara tazararsu sau biyar. Daga Maris zuwa Yuli ludayin yana sama sosai bayan isha'i. Dunƙulen hannu in aka miƙa shi iyakar tsawon hannu yana rufe wajen digiri 10, don haka a Maradi tauraruwar tana sama da bakin ƙasa da dunƙule ɗaya da sulusi. Matafiyi in ya nufi Agadas zai ga tana ɗagawa dare bayan dare. Sai dai a wajenmu ta yi ƙasa, ƙura da itatuwa da fitilun gari suna cinye ta, kuma ita kanta tana ɗan kewaya kan arewa da fiye da rabin digiri, don haka awon sanda ya fi nata kyau.

Wani zai ce wayar hannu ta kashe wannan wahala. Gaskiya ne, waya tana ba da lambobin cikin sakanni, daga taurarin ɗan Adam na GPS da ke wajen kilomita 20,000 a sama, kuma ba ta buƙatar kati ko intanet don wannan, sararin sama kawai take so da aƙalla taurari huɗu. Amma ɓarnar da ake yi yanzu a rubutun lambobin take, kuma wanda bai san me suke nufi ba ba zai ga ɓarnar ba. Akwai hanya biyu ta rubuta latitud: da digiri da minti da sakan, ko da digiri da ɗigo. Maradi 13°30' ce a ta farko, 13.50 a ta biyu, domin minti 30 rabin digiri ne. Magatakarda in ya ga 13°30' ya buga 13.30 a na'ura, ya ja wurin kudu da kashi 2 cikin 10 na digiri, kilomita 22. Foraj ɗin da aka nufa da wata unguwa a Maradi sai ya fito a taswira a wajen Madarunfa. Ƙa'idar gajera ce: a raba minti da 60, a raba sakan da 3,600, a tara da digiri. Kuma duk inda ka ga minti ko sakan ya kai 60 ko ya wuce, an haɗa hanyoyin biyu ne, a mayar da takardar.

In aka musanya lambobin, aka sa 7.1 a gurbin latitud, 13.5 a gurbin lonjitud, Maradi ta koma Kamaru kusa da Ngaundere. In alamar ragi ta shiga gaban lonjitud, ta koma Mali, arewa maso gabas da Bamako. In ta shiga gaban latitud, ta faɗa teku daura da Angola. Waɗannan manyan kurakurai da sauƙin kamawa ga wanda ya riƙe cewa duk jihar Maradi tana tsakanin digiri 13 da 15 da ɗoriya a arewa, da kuma 6 zuwa 8 da rabi a gabas. Akwai kuma rikicin waƙafi: mu da muka yi karatu da Faransanci muna rubuta 13,5, na'urori da yawa kuma ɗigo suke so, waƙafi a wajensu shi ke raba latitud da lonjitud.

Yawan lambobin bayan ɗigo shi ma magana ce. Lamba ɗaya tana nuna wuri cikin kilomita 11, biyu cikin kilomita ɗaya, uku cikin mita 111, huɗu cikin mita 11, biyar cikin mita ɗaya. Don nuna ƙauye uku sun isa. Don rijiya, ko kusurwar gona, ko bakin burtali, sai biyar. Amma kada lambobi bakwai da waya take jerowa su ruɗi kowa, domin a fili fetal kuskurenta yakan kai mita 5, a gindin gawo ko jikin katanga ya fi haka. Gona mai hekta ɗaya mita 100 ce kowane gefe, mita 5 a gefe guda kuwa kashi ɗaya ne cikin ashirin na gonar, kuma an yi shari'a a kan abin da bai kai haka ba. Mai awo ya tsaya a kan alamar minti biyu ko uku har lambar ta natsu, ya maimaita sau uku, ya rubuta kwanan wata. Lambar waya shaida ce ta ƙari, ba ta soke gamba ko dutsen iyaka da dattawan gari suka sani. Haka kuma a rubuta tsarin da aka yi awon da shi. Wayoyi suna aiki da tsarin awon duniya da ake kira WGS 84, tsofaffin taswirorin zamanin Faransawa da wani tsarin daban aka yi su, wuri ɗaya yana iya fitowa da lambobi biyu masu tazarar gomomin mita. Masu awon fili kuma sukan yi aiki da tsarin UTM, inda aka raba duniya yanki-yanki ake kuma ba da mita maimakon digiri: Maradi tana yanki na 32, Yamai na 31, in ba a rubuta yankin ba lambar ba ta da gida.

Mutanen Maradi, fiye da kowa, bai kamata su ɗauki layukan nan wasan taswira ba. A yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa, da latitud na digiri 14 da na 13 da minti 20 aka ja wani sashe na iyakar ƙasar Hausa, daga tebur, ba tare da an dubi rijiya ko gari ba. Layin ya bar Faransawa babu hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai aka sake shi a 1904 da 1906, sannan tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi ƙasa tana auna taurari tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Iyakar da ake tsallakawa yau tsakanin Ɗan Isa da Jibiya daga nan ta fito. A cikin gida kuma, dokar 26 ga Mayu 1961 ta sa iyakar noma ta arewa, wadda take wajen digiri 15, a jiharmu ta bi kwarin Tarka, abin da ke arewa da ita na kiwo ne. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da suke yi wa gonaki da burtaloli rajista, kuma yau da lambobin nan ake yi. Manomi da makiyayi suna sa hannu a takardar da ke ɗauke da su, ya kamata a kowane ƙauye a sami ɗan boko ko almajiri ɗaya da zai iya karanta su ya ce wannan lamba ba ta garinmu ba ce.

Alƙibla ma haka. Makka tana kan digiri 21 da minti 25, ta fi mu arewa da kusan digiri 8, don haka alƙiblar Maradi tana karkata daga gabas zuwa arewa da wajen digiri 19. Mafitar rana ba ta isa ma'auni ba, domin tana yawo cikin shekara da kusan digiri 24 kowane gefe. Amma sau biyu a shekara rana tana tsayawa tsaf a kan Ka'aba, 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 agogon Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar zare mai dutse kuma ita ce layinta a ƙasa. Masu sa farantin sola su ma da latitud suke aiki ko sun sani ko ba su sani ba: a nan farantin ya fuskanci kudu, a karkata shi wajen digiri 15, wato a ɗaga gefen arewa da santimita 26 a kowace mita ta tsawonsa. Wanda aka shimfiɗa a kwance yana tara ƙura, ruwan sama ba ya wanke shi, wanda aka juya arewa kuma yana rasa ranar sanyi, lokacin da ake fi buƙatar fanfon lambu.

Roƙonmu ga sufetocin ilimi da shugabannin makarantu, na boko da na Islamiyya, shi ne su ware awa biyu ranar 20 ko 21 ga Maris mai zuwa, malamin labarin ƙasa da na lissafi su fito da ajinsu tare, kowace ƙungiya da sanda da zare da alli da mita. Ga ma'aikatun magajin gari da kwamitocin filaye da masu haƙa rijiyoyi kuma, su tsayar da hanya ɗaya ta rubutu a takardunsu: latitud farko, digiri da ɗigo, lamba biyar bayan ɗigo, harafin arewa da na gabas, da sunan tsarin awo. Kai kuma Malam Edita, in makarantun Dakoro da Tasawa da Madarunfa da Mayahi da Gidan Rumji suka aiko maka da tsawon inuwar da suka samu, muna roƙon ka buga su jere da sunayen garuruwan, daga kudu zuwa arewa.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Daga wasu malaman labarin ƙasa da masu awon fili,
Maradi.